Tawa Ba Ta Amsawa

Masu bibiyar wannan shafi, na ga saƙonninku. Wasu sun ce na yi nisan kiwo, wasu sun ce ko an ɗaura ne ban gayyace su ba, wata baiwar Allah ma har addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba ta turo min. Na gode, amma ku ajiye addu'ar a gefe tukuna, ba a kai nan ba. Shirun da kuka ji ba na amarci ba ne. In na zauna zan rubuta sai in tarar babu abin da ke motsi a ƙirjina, ba daɗi, ba ɓacin rai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Yau ma haka nake, amma zan rubuta a hakan.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: ni ce babba a gidanmu, ina aiki a wani kamfanin roba da ke yin bokitai da kujeru da kwanduna. Akwai mai nemana, shugaban sashen sarrafa kaya na kamfanin, wanda ƙanwata Auta ta laƙaba wa Mai Agogo, saboda ko gaisuwa yake yi sai ya ɗan saci kallon tsintsiyar hannunsa. Manyansa sun aiko suna neman izinin zuwa. Baba kuwa ba mutumin dole ba ne. Ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Mamana, ba zan ba mutane amsa ba sai na ji daga bakinki. Ki yi tunani, ranar Alhamis da yamma ki ce min eh ko a'a."

Umma tana bakin gado tana ninke masa kaya. Ta ce, "Wane tunani kuma, Allah na tuba? Wanda ya samu rana ai shanya yake yi."

Ni ma a ranar da eh na fito daga ɗakin. Ajiye ta kawai na yi a baki ina jiran Alhamis, don kada a ce na yi zumuɗi.

Dole in ɗan gaya muku aikina, domin a cikinsa maganar take. Ku yi haƙuri, ba zan mai da ku 'yan aji ba. Kowane injin narka roba yana da wani ɗan akwati a cikinsa, kwantirola muke ce masa, shi ne ke riƙe da hankalin injin: zafi ya kai ina, matsi ya kai ina, bokiti nawa ya fito. A da kowane inji kansa ya sani, babu ruwansa da maƙwabcinsa. In kana son sanin halin da yake ciki sai ka taka da ƙafarka ka je gabansa, cikin huci da warin ƙonanniyar roba. To ni aka ɗauko in haɗa su. Na ja shuɗin kebul daga kowane akwati, ta cikin bututu, ta ƙarƙashin rufi, har zuwa wata kwamfuta a ɗan ƙaramin ofishina. Kowanne na ba shi adireshinsa, wata lamba da babu mai irinta, domin in biyu suka haɗa lamba ɗaya sai su rikice, ka rasa wa ke magana. Ita kuwa kwamfutar aikinta ɗaya ne, tambaya. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana cewa kana nan? In ya amsa ta karɓi bayanansa ta adana, ta wuce na gaba, in ta kai ƙarshe ta dawo farko. Ba ta gajiya, ba ta kuma jin nauyin kowa. Wanda ya amsa fitilarsa kore ce a allo. Wanda ya yi shiru sai ta koma ja, saƙo ya tafi wayoyin masu gyara. Saƙon ma ni na rubuta shi, a gajarce yadda kowa zai gane: "Inji na uku ba ya amsawa."

A wajen jan wayoyin nan muka saba da Mai Agogo. Ina saman tsani da hular kwano a kan ɗankwali, ƙura har cikin hanci, sai in duba ƙasa in ga mutum cikin farar riga mai karin guga ya riƙe min ƙafar tsanin. Har yau ban san yadda yake yi ba, yana wuni cikin injuna amma ko ɗigon baƙin mai bai taɓa samun rigarsa ba. Bai taɓa ce min wannan aikin maza ne ba. Bai taɓa cewa in bari a kira wani ba. Tambaya yake yi, ya kuma saurari amsar har ƙarshe, kuma ku 'yan uwana mata kun san irin waɗannan ba su da yawa a kasuwa. Da wannan ya saye ni, ba da mota ko turare ba, ko da yake turaren ma ba laifi.

Wata rana ya ja kujera kusa da teburina ya ce, "Injiniya, in an kawo sabon inji ba kya nan, ya zan yi in sa shi a allon?"

Na ji daɗin tambayar har cikin raina. Na nuna masa: nan za ka rubuta adireshi, nan suna, nan lambobin wayar da saƙo zai je in ya yi shiru. Na buɗe masa izini irin nawa. Na kuma ɗora masa allon gaba ɗaya a wayarsa, don ko yana taro ya riƙa ganin injunansa. Ya ce, "Ke dai Allah ya yi miki baiwa." Na sunkuyar da kai ina wasa da linzamin kwamfuta kamar wata 'yar firamare.

Tun daga lokacin saƙonninsa suka fara zuwa daidai kan gaɓa. Da na rufe laftof na fita cin abinci, kafin in kai ƙofar wurin abincin, waya ta yi ƙara: "Kin fita ko? Ki ci da kyau." In na zare ta daga layi zan zaga wani sashe: "Ina kika shiga, Tawa?" In na tashi aiki: "Allah ya tsare hanya." Kun tuna na ɗauki hoton wasu na sa muku a nan, na ce mutumin nan zuciyarsa tana jin motsina? Wata a cikinku ta rubuta cewa in riƙe shi hannu bibbiyu. Ban goge wancan rubutun ba, yana nan, mai son dariya ya koma ya duba.

Ranar Litinin na dawo gida kamar kullum. Na cire takalmin aiki a bakin ƙofa na tura shi ƙarƙashin benci, saboda Umma ta hana shi hawa mata leda. Falonmu yana yadda kuka san shi: kujerun nan masu ruwan ƙasa da aka lulluɓe da farin yadi don kada su tsufa, har yadin ya riga su tsufa, fankar sama mai kukan ƙugiya, firij da Auta ta manne da hotunan furanni. A kan tebur ga shayina, da zafinsa, an rufe kofin da faranti. Kwanakin nan kullum haka nake tarar da shi, ko na yi sammakon dawowa ko na makara. Na ɗauka irin sanin nan ne na uwa.

Auta tana kwance rub da ciki a kan kafet, tana cinye wa Umma cajin waya. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Yaya, an ce ba kya amsawa."

"Wa ya kira ni?"

"Ba kira ba. Saƙonki na kullum." Ta miƙo min wayar ta bayan kafaɗarta.

Na karɓa. Lambar da ta turo na san ta kamar sunana, ita ce layin da na sa a kwamfutar ofis da hannuna. Saƙon kalma huɗu ne: "Tawa ba ta amsawa." Na ja sama. Ga na tsakar rana, ga na Juma'a, ga na Alhamis, jere reras har yatsana ya gaji.

Umma ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zane. Ta ga wayar a hannuna ta yi murmushi. "Au, kin gani? Cewa ya yi kada a gaya miki, wai za ki ce ya cika damuwa. Yaron nan akwai hankali. Ya ce Umma, hanyar nan ba ta da tabbas, bari in sa lambarki, da ta tashi za ki sani. Da ya shigo sai in ɗora ruwa, kafin ki iso ya tafasa."

Auta ta ce, "Na rana kuma na cin abinci ne. In ya zo sau biyu Umma sai ta ce yau cikin Yaya ba lafiya."

"Tashi ki ba ni wuri, mara kunya," in ji Umma, tana dariya.

Na zauna na sha shayin. Kuna jira in ce na yi kuka, ko na wurgar da kofi. Ban yi ba. Na sha shi har ƙasa, na ji sukarin ya ɗan yi yawa, abin da na ji ke nan.

Washegari na isa ofis na buɗe allon. Injuna goma sha uku gare mu, duk suna shafin farko, kore shar. Na danna shafi na biyu, wanda na bari fanko don injunan da za a kawo nan gaba. Layi ɗaya ne a ciki. Adireshin laftof ɗina, wanda na ba ta don in riƙa shiga akwatunan ina gyara. Suna: Tawa. Fitila kore, tunda ga ni zaune. Lambobin waya biyu, tasa da ta Umma. Ya cike komai daidai yadda na koya masa, babu kuskure ko ɗaya. Har wani sashe na zuciyata ya yaba.

Da hantsi ya leƙo da robar ruwan sanyi a hannu. Na juya masa allon.

Bai daburce ba. Ya ajiye ruwan a kan teburin, ya gyara zaman agogonsa. "Na san wata rana za ki gani."

"Yallaɓai, wannan shafin na injuna ne."

"Yau kuma Yallaɓai na koma?" Ya ja kujera. "Kin tuna ranar da kika shiga bayan inji na bakwai ke kaɗai, zafi ya ɗebe ki kika zube? Babu wanda ya sani sai da mai shara ta yi tuntuɓe da ƙafarki. Ni na san abin da na ji ran nan. Na ce ba zai sake faruwa ba."

Gaskiya ne, an yi haka. Shi ya kai ni asibitin ma'aikata, ya tsaya a baranda har aka cire min ƙarin ruwa. Ba na so ku ɗauke shi mugu, don ba shi ba ne.

Na ce, "Da ka tambaye ni."

"Da kin ƙi."

"Shi ya sa ake tambaya."

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa yaro in ya faɗi magana mai wayo. "Ke da bakinki kika ce min abin da ba ka gani, ba za ka iya kula da shi ba."

"Injuna nake nufi."

"To ai kin fi su tsada." Ya miƙe yana duba lokaci. "Ki kwantar da hankalinki. Wannan ma wahala ce, sai kina kan layi yake aiki. In mun tare, wayarki kawai za a ɗora, ko kasuwa kika je hankalina kwance. Ki sha ruwan kafin sanyinsa ya tafi."

Da ya fita na ɗora kibiyar linzami a kan inda aka rubuta goge. Dannawa ɗaya ce. Na daɗe a haka. Na san in na goge zai gani kafin sanyin ruwan ya tafi, ya dawo da lallashi, Umma ta kira, a yi ta magana, ni kuwa ko ƙarfin jin haushi ba ni da shi, balle na musu. Na janye hannuna na ci gaba da aiki. Inji na tara yana ba da zafin da bai yi kama da gaskiya ba, na wuni ina bin wayarsa.

Da yamma na gwada Umma. Tana tsintar shinkafa a tire, na zauna a kujerar tsuguno kusa da ita na ce, "Umma, ni fa abin nan bai kwanta min ba."

"Wane abu?"

"A ce ko ruwa na tashi sha sai an buga wa mutane waya."

Ta ajiye tiren a cinya ta dube ni. "Samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama. Kin ga ubanki? Tun kafin a haife ki muke tare. In fita in wuni a unguwa, bai san na fita ba sai ya nemi shayi ya ji shiru. Ke Allah ya ba ki mai ƙirga numfashinki, kina yatsina. 'Ya'yan mutane nawa ne ke neman wanda zai tambaye su ina kika shiga?"

"Ba shi ke tambaya ba, Umma. Kwamfuta ce."

"To wa ya sa ta? Ba shi ba?" Ta ci gaba da tsintarta. "Boko dai bai yi muku rana ba. Komai sai kun kwance shi kun ga cikinsa. Ki rufa min asiri ranar Alhamis, na riga na gaya wa 'yan uwana."

Na ce to. Na taya ta tsintar, na kwashe tsakuwoyin na zubar a bayan ƙofa.

Ranar Alhamis na saka doguwar rigata ruwan toka, wadda ba ta nuna datti, da baƙin mayafi, na ɗora rigar aiki a sama. Ban yi kwalliya ba, ko kwalli ban sa ba. Auta ta bi ni da kallo ta ce, "Yaya, ranar amsa ce fa, ba ranar ta'aziyya ba." Na ce ta kama gabanta.

Ban tsara abin da na yi ba, ko kuma in ce hannuna ne ya tsara ban sani ba. Na shiga sito neman kan kebul, sai idona ya faɗa kan wani kwali a saman kanta. Kwantirola ce sabuwa da muka ajiye saboda ɓacin rana, girmanta bai wuce rabin burodi ba. Na sa hannu a takardar mai sito na ɗauko ta, abin da na saba yi in zan gwada wani abu.

A ofis na rufe ƙofa. Na ba akwatin wuta, na shiga cikinsa, na rubuta masa adireshin laftof ɗina. Sai na zare shuɗin kebul daga laftof na soka masa. Kwamfutar ba ta yanke hukunci daga tambaya ɗaya, sai ta tambaya sau uku ta ji shiru sannan take kai ƙara. Ni na koya mata wannan haƙurin saboda injunan da ke da nauyin baki. Kafin ta yi ta biyu akwatin ya amsa. Na duba shafi na biyu. Tawa, kore. Na tura akwatin ƙarƙashin tebur bayan kwandon shara, na cire rigar aiki na rataye a bayan kujera, na saka laftof a jaka.

Mai gadi ya ce, "Injiniya, sayayyar kaya?"

Na ce, "Eh, Baba."

Na tsallaka titi na hau bas ɗin farko da ta tsaya, ban tambayi inda za ta ba. Na zauna jikin taga, na ɗora waya a cinya, fuskarta a sama. Mutane suna hawa suna sauka. Wata mata ta ɗora min jaririnta tana neman canji a bakin zane, ya kama mayafina ya cusa a baki, na bar shi. Da muka kai ƙarshen layi direba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, nan ne iyaka," na sauka.

Unguwa ce da ban taɓa zuwa ba. Na sami benci a gaban wani shagon gyaran fanka na zauna, na sayi ruwa da biskit a kanti na gefe. Mai shagon ya dube ni sau ɗaya ya ci gaba da naɗa waya a kan ƙarfe. Wani tela a tsallake yana faɗa da mai kaya a kan wuyan riga. Na zauna ina jira in ji wani abu, tsoron a kama ni, ko daɗin na kuɓuce, ko kewarsa. Na yi ta lalube a cikina kamar mai neman makulli a jaka. Babu.

Azahar ta yi, na nemi wuri na yi salla na dawo bencin. Lokacin cin abinci ya zo ya wuce. Wayar ba ta motsa ba. Na duba ko caji ne, ko netwok. Duk lafiya lau. Na buɗe hirarmu na riƙa ja sama ina karantawa, wata da watanni. "Kin fita ko?" "Ina kika shiga?" "Kin tashi?" "Har yanzu ba ki dawo ba?" Na nemi guda ɗaya da ya zo ina zaune a kan teburina, wanda ya turo don kawai na faɗo masa a rai. Wataƙila akwai, ni ce ban gani ba. Na gaji da ja kafin in samu.

Tsakanin ofishinsa da nawa bango ɗaya ne da 'yar baranda. In ya yi tari ina ji. Da ya tura ƙofar nan sau ɗaya ya ga rigar aiki a kan kujera babu mai ita, da wayar nan ta ɗauki zafi a cinyata. Na cinye biskit ɗin, na ninke ledar ƙanana-ƙanana har ta ƙi ninkuwa.

Bayan la'asar na hau bas ta dawowa, ban bi ta kamfani ba, na wuce gida.

Na yi sallama na shiga. Umma tana falo tana kallon talabijin. Ta ɗago ta gan ni tsaye da jaka a kafaɗa, sai ta lalubi wayarta a hannun kujera ta duba. Ta sake dubana, ta sake duba wayar.

"Ikon Allah. Ai ba a ce kin tashi ba."

"Ga ni dai, Umma."

Ta girgiza wayar, ta ɗaga ta wajen taga. "Ko netwok ɗin ne? Ko ruwa ban ɗora ba." A muryarta har da ɗan jin haushi, kamar na shigo ba a kan ƙa'ida ba.

Muryar Baba ta fito daga ɗaki. "Mamana ce? Ta shigo."

Yana zaune a kan darduma ya jingina da gado, rediyo a gefensa an rage murya, tabarau a kan hanci. Na durƙusa na gaishe shi, na zauna a gefen kafet na naɗe ƙafa. Umma ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙe labule. Na san Auta tana bayanta, don ina jin ƙarar cingam.

Baba bai kai ga buɗe baki ba wayata ta yi ƙara, karo na farko tun safe. Na duba.

"Tawa, yau kin faranta min rai. Tun safe kina wuri ɗaya, hankalina kwance, na yi aikin da ban taɓa yi ba. Irin zaman da nake mana fata ke nan."

Na karanta sau biyu. Sannan na miƙa wa Baba da hannu biyu, abin da ban taɓa yi ba, in nuna masa saƙon saurayi. Ya gyara tabarau, ya nesanta wayar da fuskarsa, leɓɓansa suna motsi a hankali.

"Yaushe ya turo wannan?"

"Yanzu, Baba."

"Ai ga ki nan."

"Eh."

"To wace ce a can?"

Na gaya masa. Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba: injuna, tambayar kwamfuta, shafi na biyu, lambar Umma, akwatin da ke bayan kwandon shara, bencin mai gyaran fanka. Baba bai san kwantirola ba, amma bai katse ni ba. Da na gama ya shafa gemu.

"Tun safe?"

"Tun safe."

"Bai leƙa ba?"

"Bai leƙa ba."

Umma ta ce daga bakin ƙofa, "Malam, aiki ne ya yi masa yawa. Kuma ita wannan wace irin ɗabi'a ce, a bar wajen aiki a tafi yawon bas? In aka kore ta fa?"

Baba bai waiwaya ba. Wayar ta sake ƙara a hannunsa, ya karanta a fili, da muryar da yake karanta takardar asibiti: "Lokacin tashi ya wuce, sarkin aiki. Bari in zo in kore ki gida da kaina."

Auta ta daina taunar cingam. Ina ganin abin a idona kamar ina can: ya fito, ya bi baranda, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa yadda ya saba, ya tura ƙofa. Rigar aiki a kan kujera. Shuɗin kebul ya sauka daga tebur ya bi ƙasa. Ya sunkuya da farar rigarsa ya ja kwandon shara gefe. Na ji tausayinsa kaɗan, daga nesa, irin wanda ake ji wa mutumin da aka gani ya faɗi a tsallaken titi.

Baba ya ajiye wayar a kan darduma tsakanina da shi. Ba a jima ba ta fara ruri, sunansa yana haske a fuskarta. Ta yi ta katse. Ta sake farawa.

"Mamana," in ji Baba, "Alhamis ta yi."

"A'a, Baba."

Haka ta fito, ba kuka, ba rawar murya, kamar an tambaye ni ko a ƙara min sukari. Na ji Umma ta saki labulen ta zauna a ƙasa daɓas, tana salati ƙasa-ƙasa. Kada wadda ta turo min barka, don Allah. Ban ji na yi nasara ba. Mutum ne da ya riƙe min tsani, gobe kuma da safe ta ƙofar ofishinsa zan wuce, shi ne mai sa hannu a kan aikina. Uwata kuma ta riga ta gaya wa 'yan uwanta.

Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri karo na uku. Na miƙa hannu zan kife ta. Baba ya riga ni. Ya ɗauka, ya laluba da babban yatsa har ya sami inda ake dannawa, ya kai kunne. Daga inda nake ina jiyo muryar Mai Agogo, sama-sama, yana jero tambayoyi ba ya ko numfashi.

Baba ya bar shi ya kai aya.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Mahaifinta ne. Nemi wuri ka zauna, ɗana, ni ma ina da tambaya."